Tsohuwar Motar Gida: A Sayar ko a Riƙe? Jagora Mataki-Mataki

Masu karatu daga arewacin Kamaru, Garwa, Marwa, Ngaundere har Kusiri, sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Akwai mota a gida da ta daɗe: Fijo 504 ta marigayi, ko Carina E da mutum ya saya da guminsa na farko, ko Marsandi 190 da aka ɗauko uwar 'ya'ya da ita. Yanzu gyara ya yi yawa, masu tayawa sun fara leƙowa, zuciya kuma ta ƙi saki. Yaya za a yi?

Ni ban ɗauki son tsohuwar mota a matsayin wauta ba. Motar da ta kai mahaifinka asibiti da tsakar dare, ta kai ku makaranta, ta yi biki da ta'aziyya shekara ashirin, ta cancanci a yi mata shawara a tsanake. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙarshen da galibinsu ke yi a unguwanninmu. Ba a sayar ba, ba a gyara ba. An jingine ta a gindin darbejiya "kafin a ga yadda za a yi", rana ta tsattsaga tayoyi, ɓeraye sun cinye wayoyi, damina biyu ta ruɓar da ƙasanta, daga baya 'yan gwangwan su auna ta a kilo. An rasa kuɗin, an rasa motar. Matakan nan don kauce wa haka ne, kuma a bi su a jere.

1. Motar ta wa ce?

Idan da kuɗinka ka saya, sunanka ne a kat-giris (takardar mallakar mota), wuce mataki na biyu. Idan ta marigayi ce, tsaya nan tukuna, don yawancin rigima daga nan take tashi.

Mota dukiyar gado ce, daidai da gida da gona da shanu. Kasancewar kai ne babba, ko kai ke tuƙa Baba tun yana raye, ko makulli yana aljihunka, bai mayar da ita taka ba. Matan marigayi suna da rabo a ciki, 'yan'uwanka mata suna da rabo, ƙananan marayu ma haka. Cewa "Baba ya taɓa faɗa mini tawa ce" ba ta wadatar ba. In kyauta ce, sai ya kasance ya miƙa maka ka karɓa tun yana raye, kuma akwai shaidu. In wasiyya ce, wasiyya ba ta tabbata ga magaji sai sauran magada sun amince.

Ga yadda ake yi. A tara magada, a kira malamin da ya san rabon gado. A fitar da bashi da wasiyya tukuna. A sa mutum biyu da suka san mota, waɗanda ba su da rabo a ciki, su yi mata kuɗi. Wanda ke son riƙe ta sai a lissafa ta cikin rabonsa, in ta fi rabon ya cika wa sauran. Ƙane ma yana iya buɗe maganar ba tare da rashin ladabi ba: "Yaya, in kana son motar Baba ka riƙe, babu mai jayayya. A dai yi mata kuɗi a fitar wa su Hajiya da yara haƙƙinsu."

*Gargaɗi:* kada ka dogara da "na yafe" da ƙanwarka ta faɗa a gaban taro. Sau da yawa kunya ce ta yi magana. A tambaye ta ita kaɗai, ta bakin wanda take sakewa da shi. Rabon maraya da bai balaga ba kuwa, babu mai ikon yafe shi, ko mahaifiyarsa.

Ta ɓangaren hukuma, tanadi takardar mutuwa, takardar zaman iyali, da hukuncin gado daga kotu. Ba tare da su ba, canza sunan marigayi a kat-giris zai ba ka wuya ko kai ke riƙewa ko sayarwa za a yi.

2. Fito da takardu ka baje su

Kat-giris, inshora, takardar bizit teknik (gwajin lafiyar mota), da takardar duwan (kwastan) in motar daga waje ta shigo. Duba ranar ƙarewar kowacce. Tun 2017 kuɗin binyet (harajin mota na shekara) tare da inshora ake biyansa, don haka wanda ya bar inshora ta mutu, binyet ma ya tsaya.

Sai ka buɗe gaban mota ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke rubuce a kat-giris, harafi bayan harafi. Tsohuwar mota ta sha walda da canjin kaya, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar lambar ta shafe ko ta saɓa. Gara kai ka gano yau da jandarma ya gano a hannun wanda ya saya.

*Gargaɗi:* a yankinmu akwai motoci da yawa da suka shigo ta Mubi, Yola ko Banki ba a taɓa biya musu duwan ba, suna yawo cikin gari bisa sanayya. In taka na cikinsu, ka san darajarta ta faɗi ƙwarai, kuma ɓoye wa mai saye wannan ha'inci ne.

3. Kai ta wurin bakaniken da ba naka ba

Bakanikenka na kullum ya saba da ita, yana ci da ita, wataƙila ma yana da idon sayenta. Ba zarginsa nake yi ba, amma kana buƙatar ido na biyu. Ku yi jingar kuɗin dubawa kaɗai, ka gaya masa ba gyara ya kawo ka ba.

Ya zo da sassafe tun inji na sanyi, ya ga yadda take tashi. Hayaƙi mai shuɗi daga salansa alama ce inji na shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, alamar gaskit ne, ruwa na haɗuwa da mai. Ya auna ƙarfin matsin inji in yana da abin aunawa. Ya gwada giya, kuloc, birki, sitiyari da shokozoba a kan hanya, ba a tsaye ba. Ku bar ta ta yi zafi sosai ku ga allurar zafi. Motar da ke tafasa a watan Disamba, me za ta yi a Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ko a hawan dutsen da ke gab da Ngaundere? A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Tayar da ta tsufa tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba.

Abin da ya fi duka shi ne a hau da ita rami a leƙa ƙasa, a ɗaga shimfiɗar ƙafa a duba kwano. Inji ana saukewa a ɗora wani. Giya ana canzawa. Amma shasin da ya tsage ko ƙasan da ya ruɓe, duk waldar da aka yi jinkiri ne kawai, kuma rayukan iyalinka ne a kai.

Ya rubuta maka gyara kashi uku: na dole yanzu, na cikin shekara, da na kwalliya. Kowanne da kuɗin kaya da na aiki dabam-dabam. Ka tambaye shi kuma: kayanta ana samu a garin nan, ko sai an aika Duwala ko Najeriya? Wannan ne ke raba tsofaffin Toyota, da kayansu ke ko'ina, da wasu motocin da abu ɗaya zai zaunar da su wata guda.

4. Lissafa abin da take ci a shekara

Ɗauki biro da takarda. Rubuta mai, baƙin mai, inshora, bizit teknik, taya, batir, da duk gyaran watanni goma sha biyu da suka wuce. In ba ka da rasit, duba tarihin Orange Money ko MoMo ɗinka, za ka sha mamakin yawan abin da ya tafi garaji.

Mai ne ya sauya lissafin kowa. Kafin Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai sefa 630 ce, ta koma 730, sannan 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya da ke rufa wa Arewa asiri, ita ma ta tashi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Don ka san shan motarka, cika tanki, rubuta kilomita, yi yawonka, sake cikawa, ka raba. A ce tana shan lita 12 a kilomita 100, kana yin kilomita 1,000 a wata: lita 120, sefa 100,800. Ƙaramar mota mai shan lita 7 za ta ci 58,800. Bambancin 42,000 ne a wata, sama da 500,000 a shekara, tun ba a taɓa zancen gyara ba. Misali ne wannan, sa naka alƙaluman.

*Gargaɗi:* kada ka sa kuɗin da ka kashe a baya cikin shawara. "Bara na sauke inji" ba dalilin riƙewa ba ne. Wancan ya tafi, abin dubawa shi ne na gaba.

Ka yi wa ɗaya ɓangaren adalci kuma. Motar da za ta maye gurbinta ba kyauta ba ce. Wadda aka shigo da ita ta Duwala ko Kwatano tana da duwan, kuma a Kamaru motar da ta haura shekara goma ana ɗora mata ƙarin haraji. Ita ma tsohuwa ce, ba ka san cutarta ba, alhali taka ka san komai nata. Sau da yawa lissafi na gaskiya yakan nuna riƙewa ta fi araha, musamman ga wanda ba ya doguwar tafiya.

5. Nemo kuɗinta na kasuwa

Tambayi dillalai uku da ba su san juna ba, duba irinta a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sayar da motoci, ka tuna farashin da ake rubutawa na nema ne, ba na sallamawa ba. Tambayi masu kwance mota su sayar da kaya nawa za su ba da, don ka san ƙasan farashi. Kasuwa ba ta biyan tarihi. Mai saye bai san Baba ba. In farashin ya yi maka zafi, ka bari ya huce kafin ka wuce gaba.

6. Zauna da zuciyarka

Yanzu kana da lamba uku: kuɗin gyara, kuɗin riƙo na shekara, da kuɗin kasuwa. A ganina, in shasi da kwano lafiya suke, gyaran dole bai kai rabin darajarta ba, kaya kuma ana samu, motar ta cancanci riƙewa. In ƙasa ta ruɓe, ko ta fara tsaya maka da iyali tsakanin Figil da Marwa, amana ta ƙare.

Amma lamba ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma ba na son a yi kamar ita ce. Cire abin da wata hanyar za ta ci, ko ƙaramar mota ko babur da motar haya, daga abin da wannan ke ci. Ragowar shi ne abin da kake biya don son da kake mata. Raba shi gida goma sha biyu. In ya kama, a ce, 40,000 a wata, tambayi kanka: zan iya biya ba tare da na taɓa cefane, kuɗin makaranta da magani ba? In za ka iya, riƙe abarka, babu mai bin ka bayani. Mutane na kashe fiye da haka a kan doki. In ba za ka iya ba, to iyalinka ne ke biyan wannan so, kuma ba a tambaye su ba.

Sannan ka tantance me kake so a jikinta. Tuƙa ta? Ganinta a ƙofar gida? Ko tsoron a ce "wane ya sayar da motar ubansa"? Na ukun nan shi ya kashe motoci da yawa, kuma masu faɗar haka ba za su saya maka ko fulogi ba. In don marigayi ne, ka yi tunani da kyau: motar da ke tsatsa a waje ba ta kai masa komai. Rabonka na kuɗinta in ya shiga rijiya, ko rufin makarantar allo, ko karatun jikokinsa, wannan yana isa gare shi da yardar Allah.

Yi shawara da mahaifiya in tana raye. Wataƙila ita ta fi kowa jin motar a rai, wataƙila kuma ganinta kullum ne ke tayar mata da miki, ba ta dai faɗa ba. Yi shawara da uwargida, ita ta san abin da garaji ke ragewa a tukunya. Yi istihara. Sai ka sa wa kanka wa'adi, wata ɗaya ya isa, ka faɗa wa wani babba ranar don ya tuna maka.

7. In ka zaɓi riƙewa

Yi gyaran dole yanzu, birki da taya da sitiyari kafin fenti. Mayar da kat-giris sunanka. Ware kuɗinta na wata a gefe. Ko ba ka buƙatarta, fita da ita sau ɗaya a mako ta yi tafiyar kamar rabin awa, don tayar da inji a tsaye na minti biyar ba ya wadatarwa. Yi mata rumfa. In za ka yi doguwar tafiya, cire kan batir. Canza baƙin mai aƙalla sau ɗaya a shekara ko ba ta yi nisa ba.

Akwai hanya ta tsakiya: a bar wa ɗan'uwa mai buƙata kuma mai iya ɗawainiyarta. Amma a fayyace, kyauta ce, aro ne, ko sayarwa? A rubuta, a canza suna in ta bar hannunka.

*Gargaɗi:* ba wa yaro ita ya yi haya "ta riƙa ciyar da kanta" shi ne hanya mafi sauri ta kashe tsohuwar mota. Ga shi inshorar motar gida ba ta ɗaukar haɗarin motar haya.

8. In ka zaɓi sayarwa

Wanke ta ciki da waje, gyara ƙananan abubuwa irin su fitila da madubi, amma kada ka sauke inji ko ka yi sabon fenti don sayarwa. Kuɗin ba ya dawowa, sabon fenti ma zargi yake jawowa. Kwashe kayanka: aljihun gaba, ƙarƙashin kujeru, but. Carbin marigayi da ke rataye a madubi, tsohon maɗaurin makulli, takardunsa, ajiye su. Tara yara ku yi hoto da ita.

Lokaci yana da tasiri. Gab da komawa makaranta a Satumba masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Daga ƙarshen shekara zuwa Maris, lokacin da kuɗin auduga, albasa da masakwa ke shiga hannu, an fi samun mai taya da daraja.

In da dillali za ka yi, ku yanke la'ada tun farko a gaban shaida, ku fayyace wa zai biya. Gaya masa farashin nema, ka bar na sallamawa a cikinka. Kada ka bar masa kat-giris na asali, kwafi ya isa. Mai gwaji kuma kada ya fita da mota shi kaɗai, ko da ya bar maka babur ko katin ɗan ƙasa.

Faɗi aibinta duka, tun kafin a taya. "Alhaji, tana shan baƙin mai, giya ta uku tana ƙara, an taɓa yi mata walda a nan." Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Tayin da bai yi maka ba, ka ce albarka, ba sai ka yi fushi don ya kushe motar ba, salon ciniki ne. In ka tsani ganin an kwance ta, kana da damar zaɓen mai saye, ko da za ka rage wani abu. Sai dai in ta gado ce, ragin nan ma sai da yardar magada.

9. Kuɗi, takardar sayarwa da canjin suna

In an ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, da ranar cikawa, da abin da zai faru in an fasa. Makulli da takardu ba sa barin hannunka sai kuɗi sun cika.

Mafi aminci ku haɗu a banki a zuba a asusunka. Miliyan biyu takardar dubu goma-goma guda 200 ce, kuma a irin wannan ƙunshi ake cusa jabu. In ta waya aka turo, kada ka yarda da saƙon da ya shigo ko hoton da aka nuna maka, shiga asusunka da kanka ka ga kuɗin.

*Gargaɗi:* bashi ga ɗan'uwa ko aboki shi ne inda ake rasa mota da zumunci tare. In dole ne, a rubuta da shaidu da ranakun biya, yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

Takardar sayarwa ta ƙunshi sunayenku da lambobin katin ɗan ƙasa, irin mota, lambarta, lambar shasi, farashi na gaskiya, rana da ma sa'ar da aka miƙa ta. Ku sa hannu, a manna tambur na sefa 1,500, a kai komisariya (ofishin 'yan sanda) a tabbatar da sa hannun, sannan a yi mata rajista a ofishin haraji. Riƙe naka kwafin, tare da kwafin kat-giris da na katin mai saye. Sanar da kamfanin inshora a rubuce ranar da ka sayar.

Saura canjin suna a ofishin sufuri na yanki, kuma nan ne kusan kowa ke sakaci. Muddin sunanka ko na marigayi na kan kat-giris, in motar ta kaɗe mutum a hanyar Mora, ko aka kama ta da kayan laifi, ko ta tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena ba bisa ƙa'ida ba, ƙofarku za a fara ƙwanƙwasawa. Sa sharaɗin canjin suna cikin takardar, da wa'adi. Mafi kyau ku je tare da mai saye ranar da zai ajiye takardu, ka ɗauki hoton rasit ɗin da aka ba shi. Bayan 'yan makonni ka kira shi ya turo maka hoton sabon kat-giris, ka haɗa da sauran takardun a wuri ɗaya. In kuɗin gado ne, a raba su cikin makon nan a gaban malamin da shaidu, rabon marayu kuma a damƙa wa waliyyinsu a rubuce.